Ranar da Ƙafata Ta Ɗaure a Cikin Rijiya

Yanzu takun 'yan gudu ne ke katse mani lazimin safe. Samarin Dutsin-Ma sun samu wata sabuwar sana'a, wai motsa jiki. Sai ka ji su ta bayan katanga, dim, dim, dim, ba abin da ya koro su, ba kuma abin da suke kora. Rannan na leƙa ta ramin ƙyauren ƙarfe, na ga kowa riƙe da gorar ruwa, ya ɗan yi gudu ya kurɓa, wani ma sai da ya dafa sandar lantarki ya miƙa ƙafa baya kafin ya fara. Na ja tsaki. Sai kuma na ce wa kaina, kai tsoho, kama bakinka, yaran nan sun fi ku wayo. Da mun san abin da suka sani, da ban maƙale a tsakiyar rijiya ina sallama da duniya ba.

Ni ma likita ya ce in riƙa tafiya, wai jinina ya hau. To ina za ni? Ƙauyenmu yana can gefen Birchi, ƙasar Kurfi, kuma tun da masu ɗauke mutane suka matsa mana lamba muka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ɗana ya ajiye ni a ɗakin da ke kusa da zaure. Yaron kirki ne, ban ce ba haka ba, ci da sha ba abin da na rasa. Amma ko bakin kasuwa na ce za ni, sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, a aiki yaro." In na ambaci ƙauye kuwa, sai ya yi kamar waya ta kira shi. Iyakata masallacin ƙofar gida. Saboda haka tafiyar da likita ya ce, a tsakar gida nake yin ta, daga tankin ruwa zuwa bakin madafa, in juyo, in sake juyowa, kamar akuya a turke. Ƙasar ma ba ƙasa ba ce, siminti ne, ba ya karɓar taku. In na matsa wa kaina, jijiyar sha-raɓata ta hagu sai ta ɗaure. Ita ce dai waccan ta da, ba ta manta ni ba.

A zamaninmu ruwa ba ya zuwa wurin mutum ta bututu, mutum ke zuwa wurinsa. Kafin zakara ya gama cara za ka ji gugan farko ya daki ruwa, fam, sai kukan igiya a kan itacen bakin rijiya, itacen da ya yi santsi har ya yi zane-zane don shekaru. Da kunne kaɗai tsofaffi ke sanin lafiyar rijiya. In guga ya daɗe bai yi fam ba, sai kuma ya dawo da ruwa ja mai yashi, za ka ji wata ta ce, "Rijiya ta fara tari." Wato bazara ta kai, laka ta toshe idon ruwa, sai an shiga an yashe. Yau in famfo ya ƙi zuba, sai a zauna a yi ta zagin wanda ba a gani. Mu lokacin ba wanda za ka zaga, ciki za ka shiga.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai haƙar rijiya na duk yankinmu, har Kuki da Shema ana zuwa ɗaukarsa. Guntu ne, baƙi, da wuya kamar turmi, ga faɗa. Ni ya zaɓa cikin 'ya'yan dangi saboda dogayen ƙafafuna, don ita rijiya ba a shiga da tsani. Ƙananan ramuka ake sassaƙawa a bango, dama da hagu, sai ka buɗe ƙafafu ka taka wannan ka taka wancan, tafin hannuwanka dafe da bango, kana sauka. Kawu yana da dokokinsa, kuma ba a tambayarsa dalili. Mai shiga ba ya ɗaura igiya a ƙugu. "Igiya a ƙugu," in ji shi, "ta akuya ce da gawa. Kai wanne ne?" Mata ba sa matsowa in ana yasa, can gindin tsamiya suke tsayawa da tulunansu. Ba a kiran sunan wanda ke ƙasa, kada mutanen ɓoye su ji su riƙe, sai dai a leƙa a ce, "Na ciki!" Wadda ta fi ba ni wuya kuwa ita ce ta ruwa. Tun daga asuba mai shiga ba ya kurɓar ko ɗigo sai ya fito. Wai ciki mai nauyi ba ya hawa, kuma rijiya ba ta son a shigo mata da ruwan wata. Haka ya gada daga ubansa, haka ya yi shekara da shekaru, kuma mu duka mun yarda. Gumi ya zuba har wando ya yi fari da gishiri, muna cewa jarumta ce.

Sai in ɗan faɗi yadda nake da Inna, don ba za a gane sauran ba sai da wannan. Ni ne ɗanta na fari. 'Yan yanzu ba su san nauyin wannan maganar ba, don ina gani da idona surukata tana rungume ɗanta na fari tana kiransa da sunaye iri-iri gaban kowa. Inna kuwa tun da na yi wayo ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta ba ni tuwo, sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan yaron." In baƙi suka tambaye ta ko ni ɗanta ne, sai ta ce, "Ɗan gidan nan ne." Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani, har yabonta ake yi a kai. Amma sani daban, zuciya daban. Sau da yawa ina yaro nakan tsaya bakin ɗakinta in ga matan unguwa sun zo da ƙafa a ɗaure bayan sussuka ko doguwar tafiya da kaya, ta tsayar da su su dafa bango, ta durƙusa tana murza masu sha-raɓa da man kaɗe tana yi masu hira. Wallahi har kishin ƙafafun matan nan na yi.

Ranar da abin ya faru, rijiyar garinmu muke yasa, a tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaji sai sun buɗe baki. Na shiga da hantsi. A ƙasa ba iska, sai wani ɗumi mai warin laka. Ina sara da dagi, ina cika bokiti, ina girgiza igiya su ja. Na yi ta yi har inuwa ta bar bakin rijiya, rana ta leƙo tsaye a kaina. Ruwa ya fara tsattsafowa yana shafa idon sawuna, sanyi ƙalau, harshena kuwa ya bushe kamar ƙirgi, amma ko tunanin ɗiba ban yi ba, don doka doka ce. Da Kawu ya ce, "Na ciki, ya isa, hawo," sai na kafe dagin a tsaye cikin laka don wanda zai karɓe ni, na fara hawa.

Na kai kamar rabi, inda sama ta yi nisa ƙasa ma ta yi nisa, na ɗaga ƙafar hagu zan sa a rami, sai na ji wani abu ya dunƙule a sha-raɓata, kamar curin fura amma mai taurin dutse. Yatsuna suka lanƙwashe ƙasa da kansu. Ƙafar ta zame daga ramin. Ban san lokacin da na yi ƙara ba. Na danna tafin hannuwana a bango da iyakar ƙarfina, nauyina duka ya koma kan ƙafar dama. A nan na tsaya, ba gaba ba baya. Ƙarƙashina kuwa ba ruwan kirki da zai tare ni, sai duwatsu da dagin nan da na kafe da hannuna, bakinsa a laka, gindinsa na ƙarfe yana kallona.

"Na ciki, lafiya?" Muryar Kawu ce.

"Ƙafa, Kawu! Ta ɗaure!"

"Naɗe ta! Tattaro ta jikinka!"

Na naɗe. Wayyo Allah, kamar na ƙara wa wuta itace. Curin ya ƙara tamkewa har na ji zafin a haƙorana. Suka zuro igiyar bokiti, ta zo tana lilo gaban hancina, tana taɓa mani goshi. "Kama! Kama mana!" To da me zan kama? In na ɗaga hannu ɗaya daga bango, na tafi. Ga igiya ga ni, ba mai amfanar wani. Wani saurayi ya ce zai sauko, na ji Kawu ya daka mashi tsawa: "Ka taka ramin farko ƙasa ta zuba mashi a ido? In ka isa ma ka yi mashi mi? Rijiyar ba ta ɗaukar biyu!" Wani tsoho ya ce ai ba jijiya ba ce, mutanen ɓoye ne suka kama ƙafar, a ruga a kira Liman. Kawunan mutane suka cika bakin rijiya har suka tare mani haske. Kowa da tasa: girgiza ta, buga ta a bango, tofa mata yawu, karanta kaza. Ɓurɓushin ƙasa yana zubo mani a wuya. Sai ƙafar dama, wadda ke riƙe da raina, ta fara rawa.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba, tsoron da ban taɓa ji ba kafin nan ko bayan nan. Amma akwai abin da ya fi tsoro muni, shi ne lokacin da tsoron ya fara wucewa. Hannuwana suka mutu, ban ƙara jin bango ba. Hayaniyar sama ta koma kamar kukan ƙudan zuma a kogon kuka. Zuciyata ta fara raya mani cewa saki ba wuya, buɗe hannu ne kawai, sai a huta. Na fara kalmar shahada.

Abin da ya gudana a sama a lokacin, ƙanwata ce ta ba ni labari daga baya. Ita ta ruga gida. Ta tarar da Inna tana daka. Inna ta ajiye taɓarya, ta shiga madafa ta damƙo gishiri, ta fito ba takalmi. Da ta wuce gindin tsamiya ba ta tsaya ba, matan da ke wurin suka hau salati. Kawu ya tare ta.

"Ke, ina za ki? Mace a bakin rijiya ana yasa? Koma!"

"Yaya, ban zo leƙawa ba. Ka gaya mashi ya bar naɗe ta. Ya miƙe ta, ya ɗora yatsu a bakin rami, ya saki diddige."

Kawu ya harare ta, amma ya juya ya leƙa rijiya ya maimaita mani maganarta. Ya faɗa, ya sake faɗa. Shiru. Ni a ƙasa na ji ana magana, amma an riga an ba ni umarni kala-kala har kunnena ya daina rarrabewa. Kawu ya ɗago, ƙanwata ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ya ce, "Ba ya amsawa."

Sai Inna ta ce, "To ku ba shi haske." Maza suka ja da baya ba tare da sun san sun ja ba. Ta kwanta rubda ciki a kan itacen nan, gaban yayanta, gaban dattawan gari, ta zura kai.

Ta kira sunana.

Ba da ƙarfi ba. Ta ɗan ja ƙarshensa, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Da farko ban gane muryar ba, don ban taɓa jin sunan nan da muryar nan a haɗe ba. Da ta sake, sai na ji kamar an watsa mani ruwa. Na ce, "Na'am, Inna."

"Kana ji na?"

"Ina ji."

"Ba aljani ba ne. Gajiya ce da ƙishirwa. Sauke ƙafar, miƙe gwiwa. Laluba ramin da ke ƙasa."

"Yatsun ba sa jin magana, Inna."

"Za su ji. Ɗora su a bakin ramin, su kaɗai, ban da tafin. Ka ɗora? To saki diddige ya yi ƙasa. Bi shi da nauyinka, kaɗan-kaɗan."

Na gwada, na ji kamar ana yanka ni da wuƙa mara kaifi. Na ce, "Za ta tsinke!"

"Ba ta tsinkewa. Ni na haife ka, na san abin da ke tsinkewa. Saki."

Ni na haife ka. A bainar jama'a ta faɗa. Na rufe ido na saki diddigen, ina ihu, tana cewa, "Ja numfashi, kar ka yi faɗa da ita, ja numfashi." Can sai curin ya fara laushi daga sama, ya yi ta saki, ya yi ta saki, har na ji yatsuna sun dawo nawa. Nauyi ya rabu biyu, ƙafar dama ta samu sauƙi. Zan yunƙura, ta ce, "Tsaya nan! In ka yi gaggawa za ta dawo." Na ji igiya ta yi sama. Da ta dawo, da ƙyalle ɗaure a bakinta yana ɗiga. Kallabinta ne. Ta cire shi daga kanta gaban mazan nan, ta tsoma a tulun wata mata, inda ta jiƙa gishirin. "Buɗe baki, tsotsa." Na tsotsa kamar jariri. Akwai ɗanɗanon gishiri, da na man da take shafa wa kanta. Ta ja ta sake jiƙawa ta zuro, har sai da hannuwana suka farka. Kawu yana tsaye, ruwan wata rijiya yana shiga tasa, yana kallo bai hana ba.

Hawan da ya rage, ita ta yi mani jagora. Kowane rami sai na tsaya, na saki diddige, na ja numfashi, sannan ta ce, "To, na gaba." Da kaina ya fito, hannuwa suka cafke ni ta ko'ina aka shimfiɗe ni a ƙasa. Ana ta barka, Liman da ya iso yana ta addu'a, Kawu ya juya baya yana yi wa yara faɗan da ba su yi komai ba. Ni kuwa ido nake rabawa. Can na hango ta, ta riga ta yi nisa, ta ja gefen zane ta rufe kai, tana tafiya gida da sauri kamar wadda ta yi abin kunya.

Da yamma ina kwance a zaure, ƙanwata ta shigo da ƙwaryar kunun kanwa da ɗan man kaɗe a murfin gwangwani. Ta ce, "Inna ta ce a kawo wa wancan yaron. Ta ce ya shafa daga ƙasa zuwa sama, kuma ya bar kwanciya da ƙafa a naɗe." Na karɓa. Na sha kunun ina hawaye, ƙanwata tana zaton ciwon ne.

Kawu bai taɓa cewa dokarsa ta yi kuskure ba, ba irinsa ba ne. Amma yasar da ta biyo baya, mun tarar da randa a gindin bishiya, da ɗan ƙullin gishiri a gefe. Ya ce wai don masu jan igiya ne, sai dai in mai shiga ya kurɓa, sai ya kau da kai yana duba bokiti. Daga baya ma shi da kansa yake cewa, "Kai, dafa itacen nan ka miƙa ƙafafunka tukuna, kar ka jawo mana uwarka." Igiyar ƙugu ce dai har ya koma ga Allah bai yarda da ita ba.

Inna ta yi tsawon rai, ta goyi 'ya'yana, ta ga jikokina na farko. Na yi ta jira, ba zan yi ƙarya ba. In na dawo daga tafiya mai nisa, in na tashi daga ciwo, sai in ce yau kam za ta sake. Ko a jinyarta ta ƙarshe, ina zaune bakin ƙofa, abin da na ji ta ce wa ƙanwata shi ne, "Wancan ya ci abinci kuwa?" Sau ɗayan nan na bakin rijiya ne kaɗai ta kira sunana. Ban yi fushi da ita ba, amma abin yana yi mani ciwo har yau, da furfurata da komai.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne zan kai lokacin da kowa zai koma irin Inna. Matata, Allah ya ji ƙanta, Malam take ce mani har ta rasu. Abokan da muka yi ƙuruciya, masu kirana gatsau har da zagin wasa, wasu suna kabari, wasu gudun nan ya watsa su garuruwan da ban sani ba. Ƙanwata ta riga ni. A masallaci Baba ne, a asibiti Baba ne. An yi mani takwara a gidan nan, amma don girmama ni ba a faɗin sunan, Abba ake ce mashi. Sunan yana cikin gida, a rufe, kamar ni.

Shekaranjiya da hantsi ina zagayena, gida ba kowa sai surukata a madafa, jijiyar ta ɗaure. Na ja jiki na dafa katanga, na miƙa ƙafar baya, na danna diddige a siminti, na ja numfashi. Ba a jima ba ta saki, ai yanzu na san halinta. Amma na kasa ɗaga hannuwana daga bangon. Na ɗaga kai, katanga ta ko'ina, sama 'yar kaɗan a can bisa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kira sunan, a hankali, na ɗan ja ƙarshensa.

Surukata ta leƙo da ludayi a hannu. "Baba, Abba kake nema? Ai bai dawo daga makaranta ba."

Na ce, "To. Allah ya dawo da shi lafiya."

Ta koma madafa. Ban saki bangon ba sai da aka kira azahar.